Talotalon Da Ya Ƙi Shiga

Lyle Torgerson mutumin kirki ne, kowa a garin nan namu na arewacin jihar Minnesota ta Amurka zai faɗa maka haka. Amma yana da hali guda da ya daɗe yana damun iyalinsa: ba ya awo, kuma ba ya tambaya. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin kwashe wa mutane kaya idan za su tashi daga wani gida zuwa wani. Gado, kabad, firij, doguwar kujera, babu abin da bai ratsa ƙofa da shi ba. Zai tsaya ya dubi kayan, ya dubi ƙofar, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Zai shiga." Abin haushin shi ne sau da yawa kayan na shiga ɗin. Har yau ana ba da labarin wata ƙatuwar fiyano, abin kiɗan nan mai nauyi, da ya hau bene da ita a gidan fasto, bayan ƙarti huɗu sun rantse sai an cire taga. Tun daga ranar abokan aikinsa suka laƙaba masa Zai-Shiga, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu. Da ya yi ritaya suka ba shi kyautar tef ɗin awo don tsokana. Ya jefa shi cikin durowar kicin, ko ledarsa bai yage ba.

Mahaifiyarsa, Mama Verna, shekararta tamanin da tara. Tun faɗuwar da ta yi bara aka mayar da ita gidan kula da tsofaffi da ke bayan gari. Jiki ya yi rauni, tunani ma ya fara tafiya yana dawowa. Lyle ba ya fashin zuwa duba ta ranar Lahadi, amma wata biyar ke nan rabon da ta kira shi da sunansa. Sai dai ta ce masa Harlan, sunan mahaifinsa da ya rasu shekara goma sha biyu da suka wuce. Yakan amsa mata yana dariya, in ya fito kuma ya zauna cikin mota ya daɗe bai tayar ba. Abinci kuwa sai an yi ta lallashi kafin ta ci cokali uku. Abu ɗaya ne ya ƙi barin kanta, talotalon Ranar Godiya, bikin shekara-shekara da dangi ke taruwa su ci gasasshen talotalo. Tun da ganyen bishiyoyi ya fara zuba take tambayar duk wanda ya shigo ɗakinta saura kwana nawa.

Fiye da shekara ashirin, yayarsa Darlene ce ke tara dangi a wannan rana. Ƙananan talotalo biyu take gasawa, shi kuma Lyle duk shekara sai ya yi mata tsiya, ya ce kaji ne ta yi wa ƙarin girma. A bana, saura mako uku biki, Darlene ta zame a kan ƙanƙara a ƙofar gidanta ta karya hannun dama. Kafin a gama ɗaure hannun, Lyle ya riga ya sanar da dangi cewa a gidansa za a ci.

Ba don nuna isa kaɗai ya yi ba, a ba shi haƙƙinsa. Akwai hoton da ya riƙe a zuciyarsa tun yana yaro. Maza na falo suna kallon ƙwallo, sai a kira su tebur, sai ga Mama ta fito daga ɗan ƙaramin kicin ɗinta riƙe da babban faranti shuɗi, a kai ga talotalo guda cur, ja-wur, an kewaye shi da ɗanyen ganye. Mahaifinsu ya miƙe, ya wasa wuƙa, Mama na tsaye kusa da shi tana juya masa farantin. Yanka ɗaya yake yi cinya ta fita, kawunnai su yi ta yabon hannunsa da kaifin wuƙarsa. Wannan hoton Lyle yake so ya mayar wa mahaifiyarsa, ko za ta dube shi ta gane shi.

Lokacin kuma ƙayyadadde ne. Likita ya yarda ta fita na awa uku da rabi kawai, saboda allurarta da na'urar da ke taimaka mata numfashi. Motar gidan za ta kawo ta ƙarfe ɗaya, ta dawo ɗaukarta huɗu da rabi. Babu wanda ya faɗa a fili, amma duk sun san ba lallai ne a sake samun wata shekarar da ita ba.

Darlene ta kira shi a waya ta ba shi shawara. Ta ce ya sayi ƙanana biyu, ko matsakaici ɗaya, kuma kafin ya sayi komai ya auna cikin obin ɗinsa, wato murhun gashi. Ta tuna masa gidansa tsoho ne, obin ɗin na jikin bango ne, tun kafin su sayi gidan yake nan.

"Darlene, mutumin da ya hau bene da fiyano kike koya wa saka tsuntsu a akwati?"

"Fiyano ba ta ƙonewa, Lyle. Ka auna."

"Ki kula da hannunki, ki zo da yunwarki kawai."

Ya tuƙa mota har gonar wani tsohon abokinsa Eldon, ya zagaya garken, ya nuna wanda ya fi kowane girma. Bayan an yanka an fige, aka ɗora a sikeli, ya tashi laba ashirin da tara, nauyin yaro mai shekara biyu ke nan. Eldon ma da ke sayarwa sai da ya tambaye shi ko ya tabbata obin ɗinsa zai ɗauka. Lyle ya kanne ido ɗaya ya ba shi amsar da kowa ya sani.

Gargaɗin farko ya zo tun a daren jajiberi, da tsuntsun ya ƙi shiga firij. Lyle ya ce laifin matarsa ne Marlys da ta cika firij ɗin da tarkace. Ya saka shi cikin babbar kula ya ajiye a gareji, inda sanyi ya fi na firij ɗin ma. Marlys ba mace ce mai yawan magana ba, shekara talatin da huɗu da aure sun koya mata inda magana ke aiki da inda ba ta yi. Da safe sai ta ɗauko tef ɗin nan ta ajiye masa kusa da kofin shayinsa. Ya dube shi, ya dube ta, ya mayar da shi durowa.

Ƙarfe bakwai ya fara aiki, yana fito. Ya shafe tsuntsun da bota da gishiri, ya cusa masa haɗin burodi da albasa da ganyen ƙamshi har ya ƙara kumbura, ya ɗaure ƙafafun da zare. Ya ɗora shi a babban tiren gashi, ya buɗe obin, ya tura. Tiren ya tsaya a bakin ƙofa, hannayen tiren sun tokare gefe da gefe.

Wannan bai dame shi ba. Ya sauya tire, ya ɗauko wanda ba shi da hannu. Tiren ya wuce, amma ƙirjin tsuntsun ya bugi saman obin. Ya cire ragar ƙarfe ta tsakiya, ya sauke ɗayar zuwa can ƙasa. Ya gwada ta kai, ya gwada ta ƙafa, ya karkata shi kamar yadda ake yi wa kujera a lungun bene. Ya danna ƙirjin da tafin hannu biyu yana nishi. Marlys na gefe tana feraye dankali, ta daɗe a kan guda ɗaya.

Daga ƙarshe tsuntsun ya shiga, in dai za a kira wannan shiga. Ƙirjinsa na gogar ƙarfen wuta na sama, ƙafafunsa na ture ƙofa, ƙofar kuma ta ƙi rufuwa, saura kamar yatsa biyu. Lyle ya je gareji ya ɗauko bel ɗin da yake ɗaure kaya da shi a mota, ya zarga a hannun ƙofar ya ɗaure a jikin kabad, ya ja har ta matse.

"Ga shi nan. Na ce zai shiga."

"Na ga ya shiga," in ji Marlys. "Fitowar nake jira."

Ba a yi minti arba'in ba hayaƙi ya fara tsattsafowa ta gefen ƙofa. Kafin ya kwance bel ɗin, ƙararrawar hayaƙi ta ɗauki ihu, karensu ya taya ta, kicin ya turnuƙe. Suka buɗe tagogi, sanyi ya shigo kamar an watsa musu ruwa. Da ya jawo tiren ya tarar fatar ƙirjin ta ƙone baƙi ƙirin, faɗin tafin hannu, sauran jikin kuwa fari fat, sanyi ƙalau. Mai hankali a nan zai tsaya. Lyle kuwa sai ya rufe wurin ƙunar da takardar gashi, ya rage wuta, ya sake turawa, ya sake ɗaurewa. Aka ƙara awa guda. Hayaƙin ya dawo, ƙararrawar ta dawo, naman bai ko yi ɗumi a ciki ba, domin zafin duk ta bakin ƙofa yake gudu.

Ƙarfe goma saura kwata Marlys ta ajiye wuƙarta ta yi masa lissafin da yake gudu. Ta ce tsuntsu irin wannan, ko a obin da ya ɗauke shi lafiya, awa shida yake ci ko fiye. In ya fara yanzu, sai wajen huɗu ya nuna, a bar shi ya huce, lokacin Mama na cikin mota. Ta ce ya kira Darlene.

Maimakon haka ya zura takalmi ya fita neman aron obin. Amma wa ke da obin a banza a irin wannan rana? Gida uku ya ƙwanƙwasa, kowanne ƙamshin nasu talotalon ne ya fara yi masa maraba. Maƙwabcinsa na dama har da tambayarsa ko fiyanon ce ta maƙale. Kantuna kuma a rufe suke. Ya dawo hanci ja, gumi na karyo masa duk da sanyin, ya tsaya a tsakiyar kicin yana kallon tsuntsun kamar shi ya yi masa laifi.

Yana nan tsaye waya ta yi ƙara. Ma'aikaciyar jinyar da ke kula da Mama ce. Ta ce ba wani abu ba ne, ta kira ne kawai ta faranta musu rai. Wai tun ƙarfe takwas Mama ta sa an saka mata shuɗiyar rigarta da sarƙar wuya, tana zaune a kekenta a bakin ƙofa da jaka a cinya. An kawo mata karin kumallo ta ture, ta ce tana ajiye wa talotalo wuri.

Lyle ya yi godiya ya ajiye wayar. Tsohuwar da sai an roƙe ta take cin cokali uku, yau ta ƙi cin komai saboda ta yarda da shi, shi kuma abin da yake da shi ɗanyen nama ne mai tabon ƙuna. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, tsoro kuma ya fi kunyar yawa. Ya ɗauki wayar da kansa ya kira.

"Yaya."

Darlene ta manta rabon da ya kira ta haka. "Zai-Shiga, ya shiga?"

"Bai shiga ba. Na ƙona shi, kuma ɗanye ne. Ban san yadda zan yi ba. Ki zo don Allah."

"Kashe obin ɗin, ka fito da shi, kada ka ƙara taɓa komai. Ga ni nan."

Ƙarfe goma da rabi mijinta ya sauke ta, hannu rataye a wuya, da wata 'yar jaka a hannun hagu. Lyle ya shirya shan gori, ya san ya cancanta. Ta dubi tsuntsun, ta dubi bel ɗin da ke lilo a jikin kabad, ta cije leɓe don kada dariya ta ƙwace mata. Abin da ta ce kawai shi ne ya kawo tef.

Ya buɗe durowa, ya yage ledar da ta shekara huɗu a rufe. Ya durƙusa ya auna daga ragar ƙasa zuwa ƙarfen wuta, inci goma. Ya auna tsuntsun a cikin tire, inci goma sha biyu. Aikin bai ɗauke shi minti ɗaya ba, kuma shi da kansa ya lura da hakan.

Darlene ta zazzage jakarta. Wani tsohon almakashi ya faɗo, babba, mai baƙin mariƙi. Lyle ya gane shi, na durowar Mama ne, duk a zatonsa na yankan furanni ne. Ta tura masa shi, ta ce ya kwashe haɗin burodin a zuba a wani kwano, sannan ya kifa tsuntsun ya cire masa ƙashin baya, ya raba cinyoyi da fukafukai.

A nan ne ya ja da baya. Ya ce komai zai yi ban da wannan. Ya ce Mama guda take jira, irin na Baba, ba gunduwa-gunduwa ba, in nama yankakke ne ai ana ba ta a can ma.

"Lyle, da safe ka yi naka, ga shi nan muna kallo. Yanzu ka yi nawa. Ni ba ni da hannu, kai ba ka da lokaci."

"In ta gane fa?"

"Yanka."

Ya yanka. Zuciyarsa ba ta so ba, gani yake yi kamar zai yaudari mahaifiyarsa a ranar da ta fi yarda da shi. Amma hannun mai ɗaukar kaya hannu ne, ƙashin da zai ba mace wuya ya bi shi ƙaras-ƙaras. Darlene na tsaye a kansa tana nuna masa gaɓa da yatsa, nan za ka bi, a'a, ƙasa kaɗan, kada ka yaga fata. Da aka cire baya, ta sa shi ya danna ƙirjin har ƙashin ya yi ƙara ya kwanta. Ya ɗauko tef ba tare da an ce masa ba, inci bakwai. Ta sa ya yanke fatar da ta ƙone, a shafe wurin da bota a rufe. Ƙirjin ya shiga obin, ƙofa ta rufu da kanta, a hankali, ba bel ba dannawa. Lyle ya saki wata ajiyar zuciya da sai da Marlys ta waiwayo.

Cinyoyi da fukafukai aka saka a babbar tukunya a kan wuta da ɗan romo, a kan in ƙirjin ya fito su ma su shiga su yi ja tare da haɗin burodin. Ƙashin bayan ma bai tafi a banza ba, Marlys ta dafa shi ta yi miyar da ake zubawa a kan dankali. Ƙarfe sha ɗaya da minti goma komai na kan wuta. Duk bayan rabin awa Lyle na tambayar yayarsa ko ya buɗe ya duba, ita kuma tana ce masa ya bar ƙofar ta huta, ta sha wuya yau.

Ƙarfe ɗaya daidai motar ta iso. Lyle ya fita ya turo keken da kansa. Mama ta shafa masa kumatu ta ce, "Harlan, ka wasa wuƙar?" Ya ce ya wasa. Aka zaunar da ita kusa da wuta a falo, jikoki suka kewaye ta. Biyu ta yi, ba a kira tebur ba. Biyu da kwata kanta ya fara rinjaya, barci na fizgarta, ta farka ta tambaya ko an ci ba a tashe ta ba. Lyle na kai-kawo tsakanin falo da kicin, idonsa a kan agogo.

Biyu da minti ashirin Darlene ta ba shi ma'aunin zafi ta ce ya soka a inda naman ya fi kauri. Da can da sai ya taɓa da yatsa ya ce ya nuna. Yau ya soka, ya jira, ya karanta mata lambar da ƙarfi. Ta ce ya yi. Aka fito da ƙirjin ya huce, cinyoyi da haɗin burodi suka shiga.

Abin da ya biyo baya Lyle bai taɓa ganin irinsa ba. Darlene ta sa aka ɗauko shuɗin farantin Mama, wanda ita Darlene ta aiko da shi tun jiya. Ta sa aka tula haɗin burodin a tsakiya kamar ɗan tudu, aka kifa ƙirjin a kai, sai ga shi ya tashi sama yadda yake tun farko. Aka jingina cinyoyi a gefe da gefe aka kafe su da tsinke, aka mayar da fukafukai mazauninsu. Sannan ta ɗauki ɗanyen ganye da hannunta na hagu tana cusawa a duk inda tsaga take, har da wurin ƙunar, ta watsa jajayen 'ya'yan itace a kai. Ba ta yi jinkiri ko sau ɗaya ba. Lyle ya tambaye ta inda ta koyi wannan, ta ce ya ɗauki faranti, uku ta wuce.

Ya shigo da shi ɗakin cin abinci. Dangi suka yi tafi. Ya ajiye farantin a gaban Mama. Aka riƙe hannun juna aka yi addu'ar godiya, amma idon tsohuwar bai bar tsuntsun ba. Da aka shafa, ta miƙa siririn hannunta a hankali, ta wuce ƙirjin, ta kai daidai mahaɗar cinya, ta ɗaga ganyen. Tsagar ta bayyana, ga kan tsinke a fili.

Lyle ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Mama, ki yi haƙuri. Na sayo wanda ya fi ƙarfin obin ɗina, ban auna ba. Dole ta sa aka yanka shi. Na so in kawo miki guda irin na Baba."

Ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. "Wa ya cire bayan?"

"Ni ne."

"Da almakashina?"

"Da shi."

Sai ta fara dariya, 'yar ƙaramar dariya mai girgiza kafaɗa, wadda rabonsu da ji tun kafin ta faɗi. Ta mayar da ganyen mazauninsa, ta daddanna shi da yatsa yadda mai aikin ya saba.

"Irin na babanku ke nan ai. Ka taɓa ganin obin ɗina? Kaza ma da ƙyar take juyawa a ciki. Shekara arba'in ina yanka shi ina mayarwa, ina juya wa babanku faranti daidai tsagar. Ya ɗora wuƙa, cinya ta faɗo, a yi ta yabon hannunsa. Har ya koma ga Allah bai taɓa shiga kicin ya tambaya ba." Ta kama hannunsa. "Kai ka shiga, Lyle. Zuba mini, yunwa nake ji."

Dariya ta ɓarke a teburin, Darlene na share ido da hannun hagu tana cewa tun tana 'yar shekara goma sha biyu aka sa ta rantsuwar rufe wannan asiri. Lyle kuwa bai iya dariyar ba. Sunansa ya ji, a bakin da ya yi wata biyar yana jira. Ya sunkuyar da kai ya ɗauki wuƙa, Mama ta juya masa farantin, ya ɗora, cinya ta faɗo da yanka ɗaya. Mijin Darlene ya ce kai, wannan hannu sai ɗan Harlan, aka sake kwashewa.

Mama ta cinye abin da aka zuba mata tas, ta nemi ƙarin fata da miya. Da direban ya iso huɗu da rabi ya tarar da ita tana cin kek ɗin kabewa, Marlys ta zaunar da shi ta cika masa faranti, shi ma bai yi gardama ba. Bayan motar ta tafi Lyle ya koma kicin, ya kwance bel ɗin daga jikin kabad, ya buga ƙusa kusa da obin ya rataye tef ɗin a nan. Sannan ya naɗe hannun riga ya tambayi Marlys da wanne za a fara wankewa. Lahadin da ta biyo baya Mama ta koma kiransa Harlan. Ya amsa mata kamar kullum, amma da ya fito bai zauna a mota ba, ya tayar ya tafi gida.

Darasin da ke cikin wannan labari a bayyane yake. Ƙwarewa a wani aiki ba ta sa mutum ya san kowane aiki, kuma wanda ya saba yin daidai shi ya fi kowa buƙatar ya tsaya ya auna. Awon da bai kai minti ɗaya ba Lyle ya raina, ya kusa hana mahaifiyarsa abincin da ta ƙi karyawa dominsa. Abin da ya cece shi ba idonsa ba ne, saukar da kai ne da ya yi ya ce bai sani ba, tun da sauran lokaci. Sannan mu riƙa tunawa, da yawa daga abubuwan da muke gani an ajiye mana a tebur cikakku, akwai wanda ya sha wahalar haɗa su a inda ba mu leƙa ba. Kafin ka ce za ka iya, ka shiga wurin masu yi, ka tambaya, ka kuma gode musu.